Hadda Ko Ido? Sharhi Kan Koyon Wasan Ces

Yau sharhinmu a kan wasan ces ne, darar nan mai gida 64 da sarki da sarauniya da dawaki, wadda malamanmu suka sani a littattafai da sunan shaɗaranji.

Tun da Tunde Onakoya, wanda ya tashi a Ikorodu ta jihar Legas, ya kwana ya yini a dandalin Times Square na birnin New York yana buga wasa har awa 60 a watan Afrilun 2024, ya kuma koma a 2025 ya yi awa 64, mutane da yawa a Najeriya da ba su taɓa kula wasan ba suka waiwayo. Ga waya a hannun kowa. Lichess kyauta ne, Chess.com ma ana shiga a buga ba tare da an biya ko sisi ba. To amma kusan duk wanda ya koyi yadda 'ya'yan wasa ke tafiya, aka lallasa shi sau biyar ko goma, tambayarsa ɗaya ce: wane buɗin wasa zan haddace in daina shan kashi? Sai ya shiga YouTube ya tarar da bidiyo birjik, kowanne yana yi masa alƙawarin tarkon da zai kama kowa cikin taku takwas. Ya ƙone datarsa, ya haddace, gobe a sake cinye shi.

Ni a ganina tambayar ce ta karkace tun daga tushe. Mai koyo ba a buɗi yake faɗuwa ba. Yana faɗuwa ne a taku na 15 ko na 20, lokacin da ya ajiye dokinsa a gidan da za a ɗauke shi a banza, ko ya kasa ganin an auna sarkinsa. Haddar buɗi ba ta warkar da wannan ciwo.

Mu ɗan yi lissafi. Idan mai fari ya yi taku ɗaya, mai baƙi ya rama, hanyoyin da hakan zai iya faruwa 400 ne. Idan kowa ya yi taku biyu, sun kusa dubu 200. Idan kowa ya yi uku, sun haura miliyan 119. Babban kundin buɗin wasa da aka fara bugawa a Belgrade a shekarun 1970 ya kasa buɗe-buɗen gida 500, kuma kowane gida da rassansa. Kai ka haddace reshe ɗaya. Abokin wasanka kuwa bai ma san akwai littafin ba, a taku na huɗu zai yi abin da ba ya cikin bidiyon da ka kalla. Daga nan ka zama kamar wanda ya haddace gaisuwa da Fulatanci: ya gaisa tsaf har an ɗauka ɗan gida ne, da aka shiga zance sai ya tsaya yana murmushi.

Ga misali, tarkon da kowane sabon shiga ya fara cin mutane da shi. Mai fari ya tura dakaren gaban sarki gida biyu, ya fito da giwa zuwa c4, ya cilla sarauniya zuwa h5. Giwa da sarauniya duk suna hararar gida ɗaya, f7, inda dakaren da ke wurin ba shi da mai tsaronsa sai sarki kaɗai. Idan mai baƙi bai lura ba, a taku na huɗu sarauniya ta faɗa f7, wasa ya ƙare. Daɗi kam akwai shi. Amma a ce mai baƙi ya riga ya fito da dokinsa zuwa c6, sai kawai ya tura dakaren g gida ɗaya, ya tare hanya ya kuma kori sarauniya. Ta dawo f3 ta sake leƙen f7, ɗaya dokin ya fito f6 ya toshe. Ku dubi allon yanzu: mai baƙi ya fito da dawaki biyu, mai fari kuwa ya ɓata taku biyu a yawon sarauniya, kuma ta je ta zauna a gidan da dokinsa ya kamata ya sauka. Wanda ya dogara da wannan tarko zai ci 'yan unguwarsu na wata ɗaya, daga nan ya tsaya cak.

Abin da mai koyo ke bukata a buɗi kaɗan ne, kuma fahimta ce. Ka kama tsakiyar allo da dakaru. Ka fito da dawaki da giwaye tun da wuri, kowa taku ɗaya. Ka ɓoye sarki a lungu ta hanyar musayar gida da hasumiya. Sarauniya ta dakata tukuna. Kuma babu inda aka nuna amfanin wannan kamar wani wasa da aka buga a gidan waƙe-waƙen opera na birnin Paris a 1858.

Paul Morphy, ɗan New Orleans a Amurka, yana da shekara 21, shi ne da fari. Masu baƙi su biyu ne suna shawara da juna, wani basaraken Jamus, Duke na Brunswick, da wani mai sarauta Bafaranshe, Isouard. A taku na bakwai Morphy ya kai sarauniya b3, tana barazana ga dakaru biyu lokaci guda, na f7 da na b7. Masu baƙi suka kare f7 da tasu sarauniyar, wadda ta je ta tsaya a gaban giwarsu ta toshe mata hanya. Ga dakaren b7 nan a sake, da yawancinmu ne da mun cafke. Morphy ya ƙi, ya fito da dokinsa na biyu. Taku na gaba ya fito da giwa ta biyu zuwa g5, ta turke dokin baƙi, domin in ya motsa sarauniyarsu ce a bayansa. Da suka tura dakare don su kori ɗaya giwar, sai ya ba da doki sukutum a kan dakaru biyu, don kawai hanya ta buɗe zuwa ga sarkinsu. Ya ɓoye nasa sarkin, wanda hakan ya kawo hasumiya kan layin d. Ya ba da hasumiyar a kan doki, ya jawo ta biyu ta maye gurbinta. A taku na 16 ya miƙa sarauniya kanta a b8, doki ya ɗauka dole. Taku na 17, hasumiya ta sauka d8, giwar g5 tana tsaronta, sarki ba hanya.

Ku ƙirga abin da ya rage. Morphy ba shi da komai sai hasumiya ɗaya da giwa ɗaya da dakaru. Masu baƙi suna da sarauniya da doki da giwa da hasumiya. Amma giwarsu da hasumiyar lungun sarki ko taku ɗaya ba su yi ba tun da aka fara. Dukiya ce a ɗaki, ba ta zo fagen fama ba. Wanda ya jera wannan wasa a allo sau uku, yana tambayar kansa dalilin kowane taku, ya fi wanda ya haddace rassa ashirin na buɗin Sisiliya sanin buɗi.

Kada a ce na raina ilimin buɗi. A can sama, shi ne rabin yaƙin. A Landan a shekarar 2000, Vladimir Kramnik ya tono wani tsohon buɗi da ake kira kariyar Berlin, reshe ne na buɗin da ke ɗauke da sunan Ruy López, limamin cocin nan na Sifaniya da ya rubuta littafinsa a 1561. Da shi ya toshe Garry Kasparov, har aka gama wasa 15 Kasparov bai ci ko ɗaya ba, kambun duniya ya suɓuce masa. Sai dai waɗannan mutane ne da ba sa ajiye doki a banza, don haka 'yar ƙaramar riba a taku na 12 tana iya zama nasara. Kai da ni kuwa, ribar da muka samo a buɗi mukan zubar da ita, abokin wasa ya zubar mana da tasa, sau uku ko huɗu kafin a tashi.

To ina ya kamata lokaci ya tafi? Ga ido. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya sa manyan gwanaye da matsakaitan 'yan wasa su riƙa faɗin tunaninsu a fili suna duban allo, ya wallafa sakamakon a 1946. Abin mamaki, manyan ba su fi sauran hango taku masu nisa da wani abin kirki ba. Bambancin shi ne tun kallon farko idonsu kan sauka a kan taku mai kyau. A 1973 wasu Amurkawa biyu, William Chase da Herbert Simon, suka ɗora a kai. Sukan nuna allo na daƙiƙa biyar su rufe, su ce a sake jera shi. Idan daga wasan gaske aka ɗauko jerin, gwani yakan yi wa sabon shiga fintinkau. Idan kuwa watsa 'ya'yan aka yi barkatai, sai fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Ashe ba ƙwaƙwalwa ce ta daban da shi ba. Siffofi ne ya gani sau dubbai har suka zauna masa, yana ganinsu yana gane su.

Hujja mafi ƙarfi a wurina ta fito daga Kramnik ɗin nan dai. A 2006 a birnin Bonn na Jamus, yana riƙe da kambun duniya, ya kara da kwamfuta mai suna Deep Fritz. A wasa na biyu ya yi takunsa na 34 hankali kwance, bai ga cewa sarauniyar kwamfuta za ta sauka h7 ta gama da sarkinsa a taku ɗaya ba. Taku ɗaya tak! Masu sharhi suka yi ta neman dalili, kuma bayanin da ya fi shiga hankali shi ne dokin da ke tsaron sarauniyar yana zaune ne a f8, can layin ƙarshe, wurin da ba a saba ganin doki yana wannan aiki ba. Siffar baƙuwa ce, ido bai yi ƙararrawa ba. Idan rashin sabo da siffa ɗaya zai kayar da zakaran duniya, mai koyo da bai tara ko ɗari ba fa?

Siffofin nan ana koyonsu, kuma na farkon ba su da yawa. Akwai kamun biyu, inda doki zai dira gidan da yake barazana ga sarki da hasumiya lokaci guda, dole a ceci sarki a bar hasumiya. Akwai turke, irin wanda Morphy ya yi. Akwai harin ɓoye, inda ɗa ɗaya zai kauce ya buɗe wa na bayansa hanya. Akwai kisan layin baya, inda dakarun sarki uku da ke kare shi su ne za su hana shi gudu. Hanyar koyonsu ita ce kacici-kacicin allo: a jera maka wasa a ce fari ne da taku, nemo ci.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli a ƙarni na 10 sun rubuta littattafan shaɗaranji, kuma tun a lokacin sun ware jerin buɗi daban, sun tara kacici-kacici daban, waɗanda suke kira mansubat. A zamaninmu kuwa, László Polgár na ƙasar Hangari ya tarbiyyantar da 'ya'yansa mata uku a kan irin wannan atisaye, daga baya ya fitar da littafi mai kacici-kacici da wasanni 5,334. Autarsu, Judit, ta samu muƙamin babban gwani a 1991 tana da shekara 15, ta karya tarihin da Bobby Fischer ya kafa na samun wannan muƙami da ƙarancin shekaru.

Sai dai akwai yadda ake yi a yi asarar lokaci. Manhajar waya tana ba ka damar ka taɓa taku, in ba daidai ba ta ce sake. Mutum sai ya koma cinke, ya taɓa wannan ya taɓa wancan har ya dace. Ba a koyon komai a haka. Ka ɗaure hannunka. Ka lissafa a ka: in na yi kaza zai yi kaza, in ya ƙi fa? Sai ka kai ƙarshe kafin ka taɓa. Guda goma a natse kullum sun fi ɗari a guje. Kuma waɗanda ka kasa, ka koma musu bayan kwana biyu, domin maimaici ne ke dasa siffa.

A cikin wasa kuma akwai wata 'yar al'ada da ta fi kowane buɗi tsada. Duk lokacin da abokin wasa ya yi taku, kafin ka koma kan shirinka, ka tambayi kanka me yake nufi. Me ya auna? Sannan in ka zaɓi naka takun, kafin ka ɗaga hannu, ka duba ko zai iya yi wa sarkinka barazana, ko akwai abin da zai ɗauka. Wannan ba ya yiwuwa a wasan minti ɗaya ko uku da matasa suka fi so. Wasan gaggawa nishaɗi ne, ban hana kowa ba, amma abin da ka riga ka iya kawai yake fitarwa, har da kurakuranka. Mai son ci gaba ya buga na minti 15 ko 30, inda zai samu sararin tunani.

Yanzu ga ɓangaren da kowa ke gudu, wato komawa kan wasan da aka cinye ka. Da an ci mutum a waya, yatsansa ya riga ya danna sabon wasa don ya huce. Mikhail Botvinnik, zakaran duniya na Tarayyar Sobiyet, wanda Karpov da Kasparov da Kramnik duk suka ratsa makarantarsa, ya dage a kan cewa ɗan wasa ya riƙa bin diddigin wasanninsa da kansa, har ma ya fitar da nazarin a fili don wasu su kama masa kuskure. Kai ba sai ka wallafa ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Ka sake jera wasan, ka nemo inda ya juya maka baya, ka rubuta abin da kake tunani a lokacin. Wannan na ƙarshen shi ne muhimmi. Rubuta cewa doki f5 kuskure ne bai ƙara maka komai ba. Amma in ka rubuta cewa ka ga dakare a sake ka yi kwaɗayi ba ka duba layin baya ba, kuma bayan wasa ashirin ka tarar ka rubuta irin wannan sau shida, to ka gano ciwonka da sunansa. A nan ne ma nazarin buɗi ke shigowa da amfani: ka duba inda ka fara ruɗewa a wasan, ka koyi taku ɗaya ko biyu na wurin, ka wuce. A haka buɗinka zai yi tsawo a kan abin da mutane ke buga maka da gaske.

Kwamfuta fa? Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997 aka san inda aka dosa, kuma yau manhajar Stockfish da ke cikin wayarka kyauta ta fi kowane ɗan Adam ƙarfi. Amma a tambaye ta a ƙarshe, bayan ka gama naka nazarin. Takan nuna maka taku mafi kyau, ba ta gaya maka dalilin da ya hana ka ganinsa. Gukesh Dommaraju na Indiya ya zama babban gwani a 2019 yana da shekara 12, kuma sananne ne cewa kocinsa Vishnu Prasanna ya nisanta shi daga dogaro da kwamfuta a shekarunsa na tasowa, ya bar shi ya yi ta lissafi da kansa.

Gukesh ɗin ne zai kai mu ga abu na ƙarshe, wato ƙarshen wasa, lokacin da allo ya yi fili. José Raúl Capablanca na Kyuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, shawararsa ga mai koyo ita ce ya fara daga nan, domin da 'ya'ya uku ko huɗu ne ake gane ainihin ƙarfin kowanne. Mutane kan ga kamar ba daɗi. To ku ji abin da ya faru a Singafo ranar 12 ga Disambar 2024. Wasa na 14 ne, na ƙarshe, tsakanin Gukesh da mai riƙe da kambu, Ding Liren na Sin, kowa yana da maki shida da rabi. Kowa na da hasumiya da giwa, Gukesh na da dakaru biyu, Ding na da ɗaya. Masana duk sun sallama canjaras za a yi, a tafi wasan raba gardama washegari. A taku na 55 Ding ya kai hasumiyarsa f2, ya nemi a yi musaya. Ya manta giwarsa tana lungun a8, inda hanya ɗaya ce gare ta. Gukesh ya karɓi musayar, ya sa tasa giwar a d5, kan wannan hanyar, ta Ding ba inda za ta kauce. Giwaye ma suka tafi. Saura sarki da dakaru biyu a kan sarki da dakare ɗaya, irin ƙarshen da ake koya wa yara. Ba a jima ba Ding ya miƙa hannu, Gukesh ya zama zakaran duniya yana da shekara 18.

Ga aikin gida, ku rubuta. Ku kwashe komai daga allo. Sarkin fari a e5, dakarensa a bayansa a e4, sarkin baƙi a e7, gida ɗaya tsakanin sarakunan biyu. Idan baƙi ne da taku, fari zai kai dakaren ƙarshen allo ya zama sarauniya, ya ci. Idan fari ne da taku, kuma baƙi ya san abin da yake yi, canjaras ne. Ku samu aboki ku buga shi ta kowane ɓangare, kada ku tambayi waya, har sai kun gano da kanku abin da ya sa wanda taku ya faɗo kansa shi ne ke asara.